Tayar Mota Da Sanyin Hunturu: Abin Da Za Ka Duba, Ɗaya Bayan Ɗaya

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa saƙonni suke shigo mini, kusan duk tambayar ɗaya ce: wai da gaske taya tana rage kama ƙasa idan gari ya yi sanyi? Wani daga wajen Gumel ya ce ya sayi mota 'yar Kwatano mai faffaɗar taya siririn gefe. Duk ranar da ya fita bayan asuba sai ya ji motar tana yawo a kan kwalta, amma rana na ɗagawa ta dawo daidai. Wani kuma fitilar gargaɗin iskar taya da ke gaban direba ce take kama masa da safe, hantsi na yi ta mutu da kanta.

Da gaske ne. Roba ce, kuma duk mai noman rani ya san yadda tiyo yake sandarewa da sassafe ya ƙi lanƙwasuwa sai rana ta dake shi. Taya tana kama ƙasa ne saboda robar tana da laushin da za ta nutse cikin ƙananan ramukan kwalta. Idan ta yi tauri sai ta riƙa bin saman su kawai. Tayar da aka ƙera domin gudu a lokacin zafi, wadda zan riƙa kira tayar zafi, ita ta fi jin wannan, domin haɗin robarta sai ya ɗumama yake yin danƙo. Masu ƙera taya sun sa iyakar a wajen digiri 7 na ma'aunin salshiyas. Ƙasa da haka ne take taurin da a Jamus ko Kanada ake cire ta a sa ta hunturu, kuma a sanyin da ya yi nisa ƙasa da sifili robar tana iya tsagewa ma.

Mu namu sanyin bai cika kaiwa can ba. A Disamba da Janairu daren Kano da Jigawa yakan sauka wajen digiri 12 ko 13, wani lokaci ƙasa da 10 a buɗaɗɗen fili da bakin fadama, da rana kuma ya koma kusan 30. Don haka ba sai ka canza taya ba. Abin da yake jefa mutane a rami a nan abu uku ne suka haɗu: roba mai ɗan tauri, iska da ta ragu cikin dare, da ƙurar da ta kwanta a kan titi.

Kayan aikin ba su da yawa: gejin iska naka na kanka, tocila, tsumma, da ɗan ruwan omo a gora.

1. Karanta jikin tayar

Ka tsuguna da tocila ka goge gefen tayar da tsumma. Duk abin da kake son sani a rubuce yake a nan, sai dai yawancinmu girman kawai muke dubawa.

Za ka ga lamba kamar 205/55 R16 91V. 205 faɗin tayar ne a milimita. 55 tsayin gefenta ne, wato kashi 55 cikin 100 na faɗin. 16 girman rim ne a inci. 91 nauyin da take ɗauka ne, kilo 615 kenan a taya ɗaya. Harafin ƙarshe iyakar gudunta ne: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270, Y 300. Idan lamba ta biyu ƙarama ce, kamar 45 ko 40, harafin kuma W ko Y, zanen tayar manyan layuka ne masu santsi babu ƙananan tsage-tsage, kuma ba ka ga M+S a jikinta ba, to tayar zafi ce mai gudu. Irinta ce a ƙarƙashin yawancin motocin gayu da samari suke shigo da su.

Idan ka ga M+S shi kaɗai, galibi tayar kowane lokaci ce. Wannan ba ta da wata damuwa da sanyinmu.

Idan kuwa ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, zanen kuma cike da ƙananan tsage-tsage masu karkace-karkace, wataƙila har da ramukan da aka cire ƙusoshi, to tayar ƙanƙara ce. A nan nake so a tsaya.

Gargaɗi: kada ka ce tunda ana sanyi bari ka sayi tayar ƙanƙara. Sanyin da aka yi ta dominsa ba namu ba ne. Robarta tana da laushi ƙwarai, da azahar ɗin Janairu ma zafi ya yi mata yawa, balle Afrilu da ake haura digiri 40. Tana cinyewa da sauri, tana sa mota lilo a kwana, birki kuma yana ƙara nisa. Da yawa daga cikin tayoyin Baljiyam, wato tsofaffin da ake shigo da su daga waje, irinta ne. Zanenta mai zurfi shi yake ruɗar mai saye, ya ga kamar ya tsinci dami a kala.

Akwai kuma kalmar TEMPERATURE da harafi A, B ko C a gabanta, a tayoyin da aka yi wa kasuwar Amurka. A ita ta fi jure zafi. Ga mai bin hanyar Haɗeja ko Maigatari da lodi, ni dai ba zan sa C ba.

Kafin ka miƙe, duba ko akwai kibiya da kalmar ROTATION, ko kalmar OUTSIDE. Tayoyin gudu da yawa suna da ɓangaren da dole su fuskanta. Kibiyar ta nuna inda taya take juyawa idan mota tana gaba, OUTSIDE kuma ya kalli waje. Na sha ganin an ɗaura su a juye bayan an yi faci.

2. Shekarunta da zanenta

Nemi haruffan DOT. A ƙarshen layin akwai lamba huɗu, sau da yawa cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Idan ba ka gani a waje ba, yana ɓangaren ciki, sai ka leƙa ƙarƙashin mota.

Shekaru suna da muhimmanci a maganar sanyi saboda roba tana bushewa da tsufa ko ba a hau ta ba. Tsohuwar taya ta riga ta yi tauri, sanyin asuba ƙari ne kawai a kai. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, 'yan Rod Sefti, shekara 4 daga ranar ƙira suke faɗa. Kamfanin Michelin ya ce daga shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, shekara 10 kuma a cire ko da zanenta na nan. Da irin ranarmu, ni na fi karkata ga ƙaramar lambar.

Sai zane. A cikin manyan layukan taya akwai wasu 'yan tudu da aka sa a gicciye. Idan saman taya ya yi daidai da su, saura milimita 1.6, ta gama aiki. Ka shafa da hannu daga ciki zuwa waje. Tsakiya kawai ta cinye, iska ta yi yawa. Gefe biyu sun cinye, iska ba ta isa. Gefe ɗaya kawai, a kai ta alaimen.

Gargaɗi: kumburi a gefen taya ba ya facuwa, zaren ciki ne ya tsinke. Haka ma tsagewar da farce yake shiga. A sauke ta ranar, kada a mayar da ita baya a ce ai baya ba komai.

3. Auna iska kafin rana ta fito

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, kuma shi aka fi yi ba daidai ba.

Iska tana takurewa da sanyi. Duk digiri 10 da gari ya sauka, taya tana rasa kusan 1 da rabi a geji, ma'aunin PSI da masu faci suke amfani da shi. Daga la'asar mai digiri 30 zuwa asuba mai 12, ka ga kusan 3 ya tafi ba tare da wata huda ba. Ƙara da cewa lafiyayyar taya ma tana tsiyayar da kamar 1 a wata. Wanda ya sa wa tayarsa iska tun watan Oktoba ana zafin kaka, zuwa Janairu yana iya tarar da 5 ko 6 babu. Abin da yake kunna fitilar nan mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a ciki kenan. Tana mutuwa da hantsi ne don taya ta ɗumama, ba don ta gyaru ba.

Fara da neman lambar da motarka take so. Tana jikin takardar da aka manna a ƙofar direba, wani lokaci a murfin tankin mai. Yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35. Idan ka ga 2.2 ko 220, wani ma'auni ne daban, kusan 32 kenan. Sau da yawa akwai layi biyu, na mota babu kaya da na mota cike.

Gargaɗi: lambar da take jikin taya, 44 ko 51, iyakar iskar da take iya ɗauka ce, ba abin da za a sa mata ba ne.

Sai ka auna tayar tana sanyi, wato motar ta kwana, ko ta yi aƙalla awa uku a tsaye. Kwance murfin bawul, danna geji da ƙarfi har ƙarar iska ta ɗauke, karanta, rubuta a waya. Duka huɗun, da safaya. Ɗiga ruwan omo a bakin bawul, idan ya yi kumfa can ne take zuba. Mayar da murfin, domin ƙurar hunturu tana shiga bawul ta hana shi rufuwa.

Matsalar ƙauye ita ce mai faci yana nesa, kafin ka isa taya ta ɗumama. Dabarar mai sauƙi ce. A gida ka ga 28, motarka tana son 32, to gibin 4 ne. Idan ka isa bakin titi ka sake aunawa da gejinka. Ko nawa ya nuna, a ƙara 4 a kai. Gobe da asuba ka tabbatar.

Gargaɗi: kada ka sauke iska daga taya mai zafi don ka ga ta haura lamba. Bayan doguwar tafiya takan nuna ƙarin kamar 4, kuma haka ya kamata. Idan ka rage da rana, da asuba za ta kwanta.

Abin da ya koya mini wannan, wata Juma'a ce za mu kasuwar Wudil a motar ƙanena. Mun fito ana sallame asuba, hazo ya rufe gari, hannu ya ƙage a sitiyari. Ba mu yi kilomita uku a kwalta ba muka zo wata kwana da iska ta zubo wa yashi. Ya taɓa birki kaɗan, sai bayan motar ya kwashe, muka tsinci kanmu cikin gonar dawa da aka girbe, kara yana ta karyewa a ƙarƙashinmu. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Da aka turo mu muka lallaɓa wurin mai faci, na sa gejina. Ta baya ta hagu 24, ta dama 45. Na tambayi yaron da yake wurin nawa suke sawa. Ya ce, "Alhaji, ai 45 muke sa wa kowa, sai in mota ce babba." Na buɗe ƙofa na nuna masa takardar. Ya karanta ya ce, "Wallahi Alhaji ban taɓa lura da ita ba." Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, mu masu motar ma ba mu taɓa lura ba.

Iska mai yawa tana rage inda taya take taɓa ƙasa, kuma dama wurin bai wuce tafin hannu ba. Iska kaɗan kuma tana sa gefen taya ya riƙa naɗewa, sitiyari ya yi jinkirin amsawa, da rana ta yi zafi ta fashe. Biyu masu bambancin iska a layi ɗaya, wato hagu da dama na gaba ko na baya, sun fi kowanne muni. Kuma a daina dukan taya da ƙafa ko sifana ana sauraren ƙara. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to ban da a taya mai siririn gefe. Tana iya rasa 10 ba ka ga ta kwanta ba.

Kuɗi: gejin hannu bai wuce kuɗin 'yan litocin mai ba, kuma zai yi maka shekaru. Ana samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da shagunan kayan mota na Dutse da Haɗeja. Ɗan famfon da ake jonawa a wurin kunna sigari ya fi tsada, amma ga wanda garinsu ba mai faci ya cancanci kuɗinsa. A auna duk mako biyu har sanyi ya wuce.

4. Minti goma na farko

Barin inji yana aiki a ƙofar gida yana ɗumama inji ne, taya tana nan da sanyinta. Abin da yake ɗumama ta shi ne tafiya, lanƙwasuwar da take yi a kowane juyi. Ka ba ta minti 10 zuwa 15 a hankali: tashi ba fizga, birki tun daga nesa, kwana a rage gudu kafin a shige ta, ba a cikinta ba. Tazarar da kake bari tsakaninka da na gaba ka ninka ta.

Wani lokaci za ka ji ɗan bugu-bugu a kilomitocin farko. Wurin da tayar ta kwana a kai ne ya ɗan baje ya sandare, tayoyin gudu sun fi yin haka. Yana ɓacewa idan ta ɗumama. Idan an yi tafiyar rabin awa bai ɓace ba, a duba balansin ko kumburi.

Idan ka samu miƙaƙƙen wuri, ba kowa gaba ba kowa baya, kana kamar 30, taka birki da ɗan ƙarfi sau ɗaya. Za ka ji yadda titin yake a ranar.

Gargaɗi: kada a zuba wa taya ruwan zafi, kada a matso da mota kusa da wutar jin ɗumi. Na ga direbobi a tasha suna hura kara dab da motocinsu. Wuta tana ƙona robar ta bushe, ga tankin mai a kusa. Kuma karkaɗa sitiyari hagu da dama kamar 'yan tsere ba ya ƙara komai sai haɗari.

5. Ƙura, yashi da hazo

A gaskiya rabin abin da ake ɗora wa sanyi aikin ƙura ne. Garin ƙasan da hunturu yake shimfiɗawa a kwalta yana shiga tsakanin roba da titi kamar an barbaɗa gari a daɓe. Tayar zafi mai faɗi da santsi ita ta fi shan wahala, domin ba ta da haƙoran da za ta tona ta kai ga kwalta. Wuraren da za ka sa ido: bakin kwana, inda hanyar burji ta haɗu da kwalta, mashigar gari, da wajen Kura da Kadawa inda motocin tumatir da ruwan ban-ruwa suke fito da laka kan titi. Ƙaiƙayi da dawar da ake shanyawa a gefen hanya ma santsi ne.

Idan ta kwashe maka, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kalli inda kake so ka je, juya sitiyari can. Motar da take da ABS, na'urar da take hana taya kullewa, taka birki ka riƙe ko da ya riƙa bugun ƙafarka, aikinsa yake yi. Wadda ba ta da shi, taka ka ɗan saki ka sake takawa, domin tayar da ta kulle ba ta jin sitiyari. Ka tuna nisan birki ba ya tafiya daidai da gudu. Idan ka ninka gudu, nisan tsayawa ya ninku huɗu. A hazo ka kunna ƙaramar fitila, babbar tana dawo maka da haske ido, ga amalanke da shanu da masu keke ba fitila.

Gargaɗi: a rairayi mai zurfi direbobi suna rage iska don mota ta fita, kuma yana aiki. Amma ba a taya mai siririn gefe ba, tana iya zamewa daga rim ko rim ɗin ya lotse. Wanda ya rage kuma ya mayar kafin ya yi gudu a kwalta.

6. Idan sai an saya

Ga mai zama a ƙauye, shawarata ita ce tayar kowane lokaci ko ta zafi ta talakawa, mai gefe 60 ko 65 idan motar ta yarda da girman. Tayar gudu an yi ta ne domin titi mai sumul. A hanyoyinmu rami ɗaya yake kumbura ta, ga tsada ga saurin cinyewa.

Sabuwa takan ninka 'yar Baljiyam a kuɗi, shi ya sa mutane suke karkata can, duk da cewa tsohuwar taya tana cikin kayan da kwastan ta hana shigowa da su. Araha ba ta ado. Idan aljihu ya tilasta, duba lambar DOT da kanka, ka guje wa wadda wurin lambar ya yi kama da an kankare. Ka sa a juyo cikinta ka ga faci nawa ne. Ka duba ƙasan zanen, domin akwai masu sake yanka zane a suɗaɗɗiyar taya, za ka ga layin ba daidai ba kuma 'yan tudun nan sun ɓace. Bakin da yake zama a rim kada ya kasance a lanƙwashe, hakan yana faruwa idan an cusa taya cikin taya wajen shigo da su, har sababbi ana yi wa haka.

Idan biyu kawai za ka iya saye, su zama iri ɗaya, a layi ɗaya, kuma a sa su a baya. Na san direbobi za su yi musu, kowa gaba yake sa sabuwa. Amma idan gaba ya zame kana ji a sitiyari kana iya gyarawa, baya kuwa idan ya kwashe juya motar yake yi, kamar yadda ya yi mana a gonar dawa. A sa sabon bawul, a yi balansin, kuɗinsu kaɗan ne a kan na taya.

Gargaɗi: kada ka haɗa tayar ƙanƙara da tayar zafi a mota ɗaya. Da asuba ɗaya ta fi kamawa, da rana ɗayar, motar ba za ta taɓa tsayawa a hali ɗaya ba.

7. Idan sanyi ya janye

Wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris dare zai fara ɗumi, iskar da ka daidaita a Janairu za ta haura da 1 ko 2. Ka sake aunawa da asuba kamar yadda ka saba, ka mayar da ita kan lambar jikin ƙofa. Idan an yi kilomita 8,000 zuwa 10,000 ba a juya tayoyin ba, a juya na gaba su koma baya, mai kibiya kuma ta tsaya a ɓangarenta. Ka ciro safaya daga but ka auna ta ita ma, sannan ka tabbatar jak da sifanar taya suna nan.